Likita, Yaya Zan Yi Masa Magana?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 22 ya faɗa shan tiramol da kodin. An yi faɗa, an yi duka, duk a banza. Babansa ya ce a kai shi gidan mari. Ina mafita? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah Ya yaye miki wannan damuwa. Don girman Allah kada a kai shi gidan mari. Na sha ganin samarin da aka fito da su daga can da tabon sarƙa a idon sawu, kafin wata ya zagayo sun koma 'yar gidan jiya. Tiramol da kodin dangi ɗaya ne, kuma idan jiki ya saba da su, ranar da ya rasa sai zufa, hamma, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Wannan azabar ce take mayar da shi, ba taurin kai kaɗai ba. Tun 2018 aka haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi Najeriya, amma dokar ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu.

Ki same shi da safe yana cikin hayyacinsa, ba lokacin da ya shigo a buge ba. Kada ki fara da "ka zubar mana da mutunci", ya ji wannan har ya gaji. Ki ce, "Na ga ba ka barci, me ke damunka?" Sai ki yi shiru, ko da zai ɗauki minti biyar yana kallon ƙasa. Ma'aikatan jinya a ɓangarenmu na lafiyar ƙwaƙwalwa har koya musu wannan shirun ake yi, domin a cikinsa mara lafiya yake buɗe cikinsa. In ya amince, ku tafi asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. In yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin roci ko baliyam, kada ya yanke su rana ɗaya, jijjiga na iya kama shi. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali.

Tambaya: Matata ta haihu kwana 9 ke nan. Ta daina barci, tana cewa wata murya na gaya mata jaririn ba nata ba ne. Dangi sun ce iska ce. Daga wani magidanci a Sakkwato.

Amsa: Malam, yau ɗin nan za a kai ta asibiti, ko na koyarwa a cikin gari ko na ƙwaƙwalwa a Kware. Ruɗewar bayan haihuwa ce, tana samun mace 1 zuwa 2 cikin masu jego 1,000, kuma ana warkewa. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Kada ka yi mata gardama, kada kuma ka gaskata muryar. Ka ce mata, "Ni ban ji ta ba, amma na ga ta tsorata ki, ina tare da ke." A ci gaba da addu'a, ba ta hana shan magani. Hayaƙi da duka ne ba na so a yi mata.

Tambaya: Ƙanena ya fara shan maganin ƙwaƙwalwa haloperidol, sai wuyansa ya sanƙare, yawu na dalala. Mu daina ba shi? Daga wata yaya a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, illar maganin ce, an san ta, kuma tana da gyara. Ku koma wurin likitansa, zai rage masa ko ya haɗa masa da wani. In harshe ya karkace, ko zazzaɓi mai zafi ya zo tare da sanƙarewar, kada ku ƙara ba shi, ku tafi ɓangaren gaggawa ko da tsakar dare ne.