Tambaya da Amsa: Rajistar bashin taki ta cakuɗe mini

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a wani ƙauye kusa da Kura. A Excel nake rubuta bashin taki, kowane manomi layi ɗaya. Duk wanda ya kawo biya sai in ƙara masa gurbi a gefe, har shafin ya yi faɗin da ba na ganin ƙarshensa. Ga masu suna ɗaya har mutum uku, bara ma na ɗora wa wani bashin takwaransa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Gero da dawa da shinkafa ka zuba a rumbu ɗaya. Raba su gida uku.

Shafin farko na mambobi ne zalla: suna, ƙauye, lambar waya, sai lambar rajista da kowa zai riƙe tasa shi kaɗai. Wannan lambar ita za ta raba ka da rigimar takwarori. Suna ba abin dogaro ba ne, mutum ɗaya yau Muhammadu, gobe Mamman, kwamfuta kuwa mutum biyu za ta ƙirga. Shafi na biyu na bashi: lambar manomi, buhu nawa, NPK ko yuriya, ranar karɓa. Na uku na biya, kowane biya da sabon layinsa a ƙasa, ko da naira 5,000 aka miƙo maka ranar kasuwa. Ragowar bashi kuma kada ka rubuta da hannu, bar kwamfuta ta cire da kanta. Masanin kwamfuta Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya shimfiɗa wannan tsari a 1970, kuma a kansa Microsoft Access, wata manhajar adana bayanai, ke tafiya, in wata rana aikin ya fi ƙarfin Excel.

In za ka tsara fom na shigar da bayanai, to ya bi jerin tambayoyin da kake wa manomi baki da baki. Sunayen ƙauyuka a jera su a riƙa zaɓa, kada kowa ya rubuta yadda ya ga dama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lambar waya: lambobi 11 ne masu farawa da sifili, Excel kuwa haɗiye sifilin yake yi in ba ka saita gurbin a matsayin rubutu ba. Na taɓa kwana ina mayar da sifili ɗaya bayan ɗaya a rajistar wata ƙungiya, ba na so ka ɗanɗana hakan.

In a bakin gona za ka riƙa cikewa, gwada manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox a waya, yana karɓar bayanai ko babu intanet. Amma kafin rabon takin rani, fara bai wa takwarorin nan uku lambobinsu.