Amsa: Miyar talo-talo mai yaji

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin ce naman talo-talonki ya ƙi laushi, miyar kuma ta yi tsami.

Talo-talo na gida ya fi kaza tauri nesa ba kusa ba, musamman cinya da fukafukai. Ki sulala shi da albasa, tafarnuwa, citta, masoro da gishiri a wuta kaɗan-kaɗan, wajen awa 1 ko fiye, har cokali ya shige shi. Sannan ki tsame ki soya sama-sama a man gyaɗa. Romon nan kada ki zubar, don Allah, shi ne daɗin miyar.

Tsamin kuwa daga tumatir ne. Bayan kin niƙa shi da tattasai da attarugu, ki dafa kayan miyan su kaɗai har ruwan ya ƙafe, sannan ki soya su har mai ya taso sama. Ni ban son sa kanwa, tana dusashe jan miya. Idan kin shiga babbar kasuwa ki nemi albasa 'yar Galmi da busasshen tattasan Diffa, ki jiƙa shi kafin niƙa.

Ki zuba romo da naman, ki bar su minti 15, a ci da shinkafa.