Lita nawa ne allon da zai ɗauke ka?

Ɗana, jiya a bakin dam ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka ƙaramin allon hawan ruwan nan mai lita 70 na miƙa maka ƙaton mai lita 110, alhali ƙaramin ka ga gwanaye suna hawa a bidiyo. To, ajiye sifanar ka saurara.

Hawan allo da fiffiken iska a hannu lissafinsa ɗaya da na kwale-kwalen da muke gyarawa. Litar allo ita ce yawan ruwan da yake turewa in ya nutse duka, lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce. Allo mai lita 110 sai an ɗora masa abin da ya kusa kilo 110, har da nauyin kansa, kafin ruwa ya rufe shi. Kai kuwa da ka hau sikelin masu shinkafa kilo 68 ka yi. Haɗa da allon, da fiffiken hannu, da kwalkwali, sai ka ga mai lita 70 ya nutse ya bar ka ruwa iya gwiwa tun ba ka miƙe ba. Ƙa'idar da na koyo a Legas ita ce, mai koyo ya ɗauki nauyinsa ya ƙara 30 zuwa 40. Kai 40 za ka ƙara, domin dam ɗin nan na Dadin Kowa ruwan kogin Gongola ne, babu gishiri. Ruwan teku ya fi shi ɗaga kaya da kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari. Ba yawa, amma mai koyo ba ya raina lita biyu.

Abin da bidiyo ba ya nuna maka shi ne farkon tashi. A gwiwa ake farawa. Ka durƙusa, ka ɗaga fiffiken sama da kanka, ka kafa ƙafa ɗaya, ka kafa ta biyu, allon yana rawa a ƙarƙashinka kamar ƙwarya a randa. Sai ya yi gudu sosai sannan ɗaya fiffiken, wanda ke haɗe da ƙasan allon a ƙarƙashin ruwa, zai ɗaga shi sama da ruwan. Duk wannan lokaci faɗin allon ne ke riƙe da kai, shi ya sa ko lita ta yi daidai ba na ba mai koyo allon da faɗinsa bai kai santimita 70 ba.

Ga kuma halin iskarmu. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta buso da ƙarfi, ta ɗauke ɗif kamar an kashe fanka. In ta ɗauke kana tsakiyar ruwa, babban allo zai bar ka a tsaye ka lallaɓo gaɓa. Ƙarami kuwa sai iyo, kana jan kaya. Ruwan nan da dorina a cikinsa, ka sani na sani.

Kada ka ce to bari in ɗauko mai lita 140 in huta. Shi ma da nasa ciwon: yana manne wa ruwa, yana da wuyar tashi, in ya tashi kuma iska ta riƙa kaɗa hancinsa, juya shi ya zama aiki.

Ranar da na ga kana tashi ta dama da ta hagu, kana juyawa ba ka faɗi ba, za mu sauko wajen lita 80, nauyinka da ƙarin goma. Mai lita 70 yana nan rataye, ba ya ruɓewa.

Gobe da asuba ka ɗaura wa babban allon gajeriyar sandar nan mai santimita 70 da ke haɗa shi da fiffiken ƙarƙashin ruwa, ka ɗaure kusoshinta da kyau, ka duba igiyar ƙafa da ta hannu. Kuma kafin ka shiga, je ka tambayi masunta inda suka kafa ragarsu.