Wembanyama ya fi Hakeem a kakar farko? Abin da hoton alƙaluman nan ya ɓoye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yau kwana uku ke nan muna musu da wani abokina. Ya turo mini hoto a WhatsApp mai cewa Victor Wembanyama, a kakarsa ta farko a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, shi ne mutum na farko a tarihi da ya haɗa maki 1,500, ya tare ƙwallo sau 250, ya kuma ci jifa mai maki uku sau 100 a kaka guda. Ya ce wannan kaɗai ya isa hujjar cewa ba a taɓa yin sabon senta (dogon ɗan wasan da ke tsayawa kusa da kwando) kamarsa ba, har da Hakeem Olajuwon. Ni dai raina bai kwanta ba, amma na rasa ta cewa. Ƙarya ce a hoton? Kuma ta yaya ake auna sabon senta? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Babu ƙarya a hoton. A kakar 2023-24 Wembanyama ya ci wa San Antonio Spurs maki 1,522, ya tare ƙwallo (wato ya buge jifan abokin hamayya kafin ya kai kwando) sau 254, ya ci mai maki uku sau 128, kuma kafin shi ba a rubuta wani da ya haɗa waɗannan ukun ba. Abokinka bai yi maka ƙage ba. Amma rashin kwanciyar ranka yana kan hanya, domin wanda ya shirya hoton ya yi irin abin da mai tumatir yake yi ne a kasuwa: manyan da ya jera a sama duk tumatir ne na gaske, sai dai shi ya zaɓi wanda idonka zai fara gani.

Fara da kalmar "a tarihi". NBA ba ta fara rubuta yawan tare ƙwallo ba sai a kakar 1973-74. Bill Russell ya ajiye wasa a 1969, Wilt Chamberlain a 1973, saboda haka mutum biyun da duk masana suka yarda sun addabi masu jifa a ƙarƙashin kwando ba su da ko guda ɗaya a littafi. Layin maki uku kuma sai a kakar 1979-80 aka shata shi. Ko bayan an shata, an shafe shekaru masu yawa koci ba ya yarda dogon ɗan wasansa ya fita can waje ya yi jifa. Wanda ya gwada, benci zai koma. Hakeem ya yi kaka 18 a NBA, amma jifa mai maki uku da ya ci duka bai kai 30 ba. Ashe da aka sa sharaɗin 100 a cikin hoton, an rufe ƙofa ne a fuskar kusan duk manyan sentocin da suka gabata tun kafin a fara kwatancen. Hoton ya nuna mana cewa wasan ya canja kuma Wembanyama ɗan zamaninsa ne. Bai taɓa batun wa ya fi wa ba.

Bari in shata maka nawa iyakokin ka ga yadda abin yake da sauƙi. A kawo mini sababbin 'yan wasan da suka ci maki 20 a kowane wasa, suka cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 11, suka tare biyu da rabi, kuma fiye da rabin jifansu ya shiga. Hakeem na 1984-85 ya shiga da maki 20.6, cafewa 11.9, tarewa 2.7. David Robinson ya shiga, Shaquille O'Neal ya shiga, Tim Duncan ya shiga. Wembanyama yana waje, domin cafewarsa 10.6 ce, kuma kashi 46.5 cikin ɗari na jifansa ne ya shiga. Ni ma ban yi ƙarya ba, kuma ni ma ban tabbatar da komai ba, tunda sai da na leƙa alƙaluman sannan na yanke iyakar daidai inda za ta bar shi a waje. Duk lokacin da ka ga sharuɗɗa uku ko huɗu an ɗaure su wuri guda da lambobi masu ban mamaki, ka tambayi kanka wane ne zai shigo idan an sassauta ɗaya kaɗan.

Misalin da ya fi damuna a wannan harka shi ne na kakar 2015-16. Jahlil Okafor, wanda Philadelphia ta ɗauka na uku a zaɓen sababbin 'yan wasa, kuma wanda daga baya ya sa rigar Najeriya a gasar Olamfik ta Tokyo, ya ci maki 17.5 a kowane wasa da cafewa 7.0. A wannan kakar dai wani yaro ɗan Sabiya mai jiki a sake, wanda Denver ta ɗauka na 41 a 2014, ya ci maki 10.0 da cafewa 7.0. Da an haɗa musu hoto a lokacin, kowa Okafor zai nuna. To amma Okafor yana samun minti 30 a fili a ƙungiyar da ta ci wasa 10 ta faɗi 72, inda dole wani ya yi jifa, kuma shi ake miƙa wa. Idan ƙwallo ta shiga hannunsa da wuya ta fito, a wajen tsaro kuma ƙafarsa ba ta da saurin bin ƙananan 'yan wasa. Ɗan Sabiyan nan, Nikola Jokic, minti 22 bai cika samu ba, amma fasin da yake bayarwa a ci ya ninka na Okafor, kuma jifan fawul ɗinsa yana shiga fiye da kashi 80 cikin ɗari, alamar hannu mai laushi. Okafor bai cika kaka uku a Philadelphia ba aka sallame shi zuwa Brooklyn. Jokic ya zama gwarzon NBA a 2021 da 2022 da 2024, ya ɗaga kofi a 2023. Alamun suna cikin alƙaluman tun farko, sai dai ba a layin da ake ɗauka a yi hoto da shi ba.

Haka shekaru. Emeka Okafor, wani Okafor ɗin daban, ya doke Dwight Howard a kyautar gwarzon sabon ɗan wasa ta 2005 da maki 15.1 a kowane wasa a kan 12.0, amma shi yana da shekara 22, Howard kuwa 19, fitowarsa ke nan daga sakandare. Rudy Gobert ma maki 2.3 ya ci a kakarsa ta farko, ga shi yau da kyautar gwarzon mai tsaro har huɗu.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya. Aikin senta mafi girma ba ya shiga takardar alƙaluma. Mu a nan wasannin NBA cikin tsakar dare suke zuwa mana, ƙarfe ɗaya ko biyu ko uku, shi ya sa yawancinmu gutsattsarin minti biyu muke gani da safe, kuma a gutsattsarin nan abin da ya yi ƙara kawai ake sakawa. Ka samu cikakken wasa guda na Spurs, ka ɗauki biro da takarda, ka daina bin ƙwallo da ido, ka bi shi kaɗai. Za ka ga ɗan wasa ya yanke mai tsaronsa, ya taho a guje, hanya a buɗe har kwando. Sai ya ɗaga kai ya hangi mutum mai tsawon ƙafa bakwai da inci huɗu ya ware hannuwa. Sai ya taka birki, ya juya, ya koma da ƙwallo waje, agogon daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa yana cinyewa, a ƙarshe wani ya yi jifan dole daga nesa. Mai rubuta alƙaluma bai ɗiga komai a gaban sunan Wembanyama ba, alhali shi ya kashe harin. Ka ja layi ɗaya a takardarka duk sanda haka ta faru. Wannan lissafin ya fi mini 254 ɗin nan daraja.

Akwai kuma kishiyarsa, wadda nake yawan gani a wajen dogayen yaranmu a filin atisaye. Yaro ya ɗanɗana daɗin ihun da ake yi idan ya buge ƙwallo, sai ya riƙa tsalle a kan kowace barazana. Ya bar mutuminsa ya tafi farautar tarewa, ya kuskure, ƙwallo ta dawo daga kwando ta faɗa hannun wanda ya bari, maki biyu a ɓagas. Ko kuma ya buge ta da ƙarfi ta fita waje, a mayar wa abokan hamayya su sake kawo hari. A takarda yana da tarewa huɗu, a fili kuwa ya jawo asarar maki takwas. Don haka idan za ka auna sabon senta, dubi ƙafarsa lokacin da aka kafa wa abokinsa shinge, wato aka tare masa hanya da jiki, aka bar shi gaba da gaba da ƙaramin ɗan wasa mai sauri. Dubi ko yana iya tsare kwando ba tare da tara fawul ba, da abin da yake yi da ƙwallo idan mutum biyu suka rufe shi. Sannan ka nemi alƙaluman yawan makin da ake ci wa ƙungiyarsa a hari ɗari idan yana fili da kuma idan yana benci, kana sane da cewa su ma suna ɗauke da tasirin mutum huɗun da ke tare da shi.

To, wa ya fi? Ra'ayina shi ne a kakar farko kaɗai, Hakeem ya fi nuna a matsayin ɗan wasan da ake cin wasa da shi yau-yau. Ya buga wasa 82 cif, Houston ta tashi daga nasara 29 zuwa 48, ko da yake yana da wani dogon gwani, Ralph Sampson, a gefensa, kuma ya zo yana ɗan shekara 21 bayan kaka uku a Jami'ar Houston. Michael Jordan ne kaɗai ya sha gabansa a kyautar sabon ɗan wasa. Wembanyama ya fara yana ɗan 19, a ƙungiyar da ta ci 22 ta faɗi 60, har da faɗuwa 18 a jere. Watannin farko ma ba a senta aka ajiye shi ba, kuma wanda aka ɗora wa raba ƙwallo, Jeremy Sochan, ba aikinsa ba ne. Ya zubar da ƙwallo sau 3.7 a kowane wasa, mai maki ukun da hoton yake taƙama da shi kuwa kashi 32.5 ne kawai ya shiga, ƙasa da matsakaicin gasar. Duk da haka, a ƙasa da minti 30 ya ci maki 21.4, ya fi kowa tarewa da 3.6, ya zo na biyu bayan Gobert a kyautar tsaro, ya kuma zama sabon ɗan wasa na farko da aka saka a sahun farko na masu tsaron NBA. A wannan shekarun, ban ga senta mai hannu da ido irin nasa ba, kuma ina faɗin haka ne ina mai ƙaunar Hakeem har cikin raina.

Abin da ya sa nake jan birki shi ne jiki. Joel Embiid na Kamaru ya ci maki 20.2 a minti 25 a kakarsa ta farko, amma wasa 31 kacal ya buga, kyautar sabon ɗan wasa ta tafi ga Malcolm Brogdon mai maki 10.2. Shi kansa Wembanyama, a watan Fabrairun 2025 aka gano gudan jini a kafaɗarsa ta dama, kakarsa ta biyu ta tsaya a wasa 46. Hakeem ya tare ƙwallo sau 3,830, adadin da babu wanda ya kai a littafin NBA, kuma a 1994 ya haɗa gwarzon gasa da gwarzon tsaro da gwarzon wasan ƙarshe a shekara guda, ya sake ɗaga kofi a 1995. Ka ce wa abokinka ya ajiye hoton, ku zauna tare ku kalli cikakken wasa ɗaya na kowannensu da biro a hannu, sannan ka rubuto mini layuka nawa kowa ya samu.