Guntayen fatar wandon hawa: amsar Baffa daga Kumasi

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya same ni lafiya. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da sauran mutanenmu na Nima.

Ka ce wani mai dawaki ya tsinci wandon fata na hawa a gwanjon kasuwar Kantamanto da ke Akra, irin wanda makiyayan shanun Amurka ke ɗaurawa bisa wando don kada ƙaya da gugar sirdi su ci musu ƙafa. Ya yi masa yawa, ya kawo ka rage masa. Yanzu ga guntaye zube a gabanka har da gezar gefe, kana so ka fitar da alabe da maratayin makulli da rufin laya ka sayar. Kana tambaya ko al'ada ta ba ka guntayen, kuma ko ba zubar da girma ba ne ɗan gidan dukanci ya zauna yana harhaɗa ragowa.

Guntayen nan ba naka ba ne tukuna. A gidanmu, in baduku ya sayi fata da kuɗinsa, duk abin da ya saura nasa ne. In mai aiki ne ya zo da fatarsa, to amana ce, tun daga babban yanki har ɗan zaren da wuƙa ta zubar. Ranar da ya zo karɓar aikinsa ake naɗe ragowar a ajiye masa kusa da kayan, a ce ga saura. Yawanci dariya zai yi ya ce me zan yi da wannan, riƙe mana. Daga wannan kalmar ta zama taka. Kakanka bai taɓa yarda a tsallake wannan ba, ko da ya san mutumin ba zai ɗauka ba, domin a cewarsa badukun da ya saba ɓoye ragowa, sannu a hankali hannunsa zai koyi yanka da gangan don ragowar ta yi yawa. Saboda haka ka kira mai dawakin nan ka nuna masa. In ya bar maka, ka ɗinka masa ɗan maratayin makulli daga ciki, ka ba shi kyauta.

Maganar zubar da girma kuwa ta ba ni dariya. Kai kana tsammanin da me badukan Kumasi suka ci abinci? A Kano da Katsina da Yendi akwai sarakuna masu barga, baduku zai iya ƙarar da rayuwarsa a kan linzami da ragama da adon sirdi. Nan kurmi ne, ƙudan tsando ba ya barin doki ya daɗe, sammore ke kama shi. Iyayenmu da suka biyo fataucin goro, musamman bayan yaƙin Salaga na 1892, a arewacin Gana, ya watsa kasuwar can mutane suka gangaro kudu, ƙananan ayyuka suka riƙe: laya, kambu, guru, kuben wuƙa, zabirar wanzami, gafakar almajiri. Tun kafin su ma akwai kasuwar wannan aiki a garin nan. Baturen Ingila Bowdich da ya shigo Kumasi a 1817, zamanin Sarkin Asante Osei Bonsu, ya ga jarumawan Asante sanye da riguna cike da layun da Musulmi suka rubuta, ga dogayen takalman jar fata har cinya. Har gobe in Sarkin Asante ya sa babbar rigarsa ta yaƙi, layu ne jere a jikinta ba masaka tsinke. Kowace laya a ciki, rufinta bai kai tafin hannu ba. Wa zai yanka sabuwar fata sukutum don wannan? Daga gefen babban aiki ake fitar da shi.

Kuma a kan guntu yaro ke koyo. Ba a miƙa wa ɗan koyo fatar akuya cikakkiya. Kwandon ragowa ake turo masa da basilla, ya yi ta huda yana ɗinki har layinsa ya miƙe, ya koyi fere bakin fata ta yi siriri ba tare da ya ɓula ta ba. Mahaifinka ma daga wannan kwandon ya fara.

Sai dai ka duba fatar da ke hannunka da kyau, domin ba irin tamu ba ce. Tamu da bagaruwa ake jeme ta, bayan an cire gashi da toka, ja kuma daga karan dafi yake fitowa. Irin wannan in ka jiƙa ta ka lanƙwasa, ta bushe a yadda ka bar ta, ta karɓi zane, bakinta ya yi sheƙi in ka goge. Fatar wandunan nan yawanci jimar masana'anta ce da sinadarin kurom. Yanka ɗan gefe ka duba tsakiyar kaurin: sau da yawa za ka ga launin toka mai ratsin shuɗi. Tana da laushi, tana jure ruwa, amma ba ta riƙe siffa, ba ta karɓar zanen ƙarfe, kuma bakinta ba ya goguwa. Don haka kada ka ɓata lokaci kana son yin kube da ita, zai yi laɓo-laɓo. Ta fi dacewa da ƴar jakar kuɗi mai zif, da rigar waya, da maratayi. Baki kuwa ka naɗe shi ciki ka ɗinke. Ka lura da inda take miƙewa: yankin da ya sha gugar gwiwa ya riga ya saki, ka bar shi don shafi na ciki. Gezar kuwa an riga an tsaga maka ita, naɗe ta kawai za ka yi ka ɗaure wuyan, ka sami tuntu.

Rufin laya ne ban yarda ba. Na farko, ba ka san dabbar ba. Ana samun fatar alade a kayan waje, musamman a shafin ciki. Kai ta wurin haske ka duba ƙofofin gashi: in ka gan su uku-uku a tare, ita ce, ka raba ta da kayan aikinka gaba ɗaya. Na biyu, ko fatar saniya ce, ba ka san yadda aka kashe ta ba. Abin da muka karanta a Risala, littafin fiƙihunmu na Malikiyya, shi ne fatar mushe in an jeme ta ana iya amfani da ita, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Wasu mazhabobin sun ce jima tana tsarkake ta, ban da ta alade. Tunda kai sayarwa za ka yi, ka ɗauki guntu ɗaya ka je wurin limaminku ka faɗa masa daga inda ta fito, ka bi abin da ya ce. Amma laya, wadda ayar Allah ke ciki kuma mutum zai shiga salla da ita a jikinsa, wannan ba sai ka tambayi kowa ba: jar fatar akuya yankakkiya ake sa mata.

In babu mai kyau a wurinku, akwai masu kawo ta daga Tamale da Bolgatanga, zan sa ƙaninka ya zaɓo maka guda biyu ya ba direban da ke zuwa Akra. Kai kuma ka aiko mini da hoton ɗinkin alaben farko, ta ciki nake son gani, ba ta waje ba.