Amsa ga shugaban matasan da ya yi tambaya kan kiɗa da tsarin sujada

Salama gare ka, ƙanena. Ka ce matasan ikilisiyarku suna so a ƙara lokacin yabo da jita da ganguna, a buɗe filin ba da shaida, a riƙa kwana addu'a, dattawa kuma sun ce wannan ba sujadar Lutheran ba ce, har kana tambaya wa ke da gaskiya. Ni ma a nan Katsina nake sujada, na daɗe a ƙungiyar mawaƙa, kuma na sha zama a irin taron nan da ake tashi kowa fuska a murtuke. Bari in faɗa maka abin da na sani da abin da idona ya gani.

Maganar cewa akwai tsarin sujada guda tak da ya wajaba a kan kowane ɗan Lutheran, ba haka take a rubuce ba. Shaidar bangaskiyar Lutheran da aka karanta a birnin Augsburg na Jamus a shekarar 1530, sashe na 7, ta ce abin da ke haɗa ikilisiya shi ne a yarda da juna kan koyarwar Bishara da yadda ake ba da baftisma da Jibin Ubangiji. Al'adun da mutane suka tsara ba dole su zama iri ɗaya a ko'ina ba. Bayan rasuwar Martin Luther, wanda ikilisiyarmu take ɗauke da sunansa, an yi rikici mai zafi kan wannan batu, tun daga 1548, tsakanin manyan malaman Lutheran biyu, Melanchthon da Flacius, sai a 1577 aka rubuta matsaya. Sashe na 10 na wannan yarjejeniyar ya ba ikilisiyar kowane wuri da kowane zamani ikon sauya abin da Allah bai umarta ba kuma bai hana ba, da sharaɗin kada a yi da wasa, kada a sa wani tuntuɓe, a kuma lura da masu raunin bangaskiya. Matasa suna son farkon maganar, dattawa suna son ƙarshenta, alhali a wuri ɗaya aka rubuta su.

Don haka kan ganga da jita, ina tare da ku. Zabura ta 150 ba ta bar wa kowa gardama ba. Luther da kansa ya rubuta sababbin waƙoƙi da Jamusanci don talaka ya buɗe baki ya rera, maimakon ya tsaya yana sauraron Latin da bai ji ba, kuma tun 1524 aka fara buga su. Waƙoƙin da dattawanmu ke karewa a yau, wata rana baƙi ne. Lokacin da Dokta Niels Bronnum, ɗan mishan da ya fara aikin Lutheran a ƙasarmu, ya iso Numan daga Denmak a 1913, babu ko ɗaya a cikinsu a bakin kakanninmu. Iyayenmu sun ba mu labarin lokacin da ake ƙyamar ganga a majami'a, ana cewa kayan tsafi ce. Yau wa zai tashi ya hana Zumuntar Mata buga tulu da kacau-kacau? Tsohuwar da ke cewa jita ta ɓata sujada, ita ce take fara taka rawa in mata sun fito.

Amma ka tsaya ka ji ɗaya ɓangaren, domin a nan ne na fi damuwa.

A ƙarshen 1521 da farkon 1522, Luther yana ɓoye a Wartburg, abokin aikinsa Karlstadt ya ɗauki gyara da gaggawa a Wittenberg. Ya tuɓe tufafin firist, aka shiga fitar da siffofi daga majami'u, gari ya hargitse. Luther ya dawo a watan Maris, ya yi wa'azi kwana takwas a jere. Wasu daga cikin gyare-gyaren ma ya yarda da su. Abin da ya tsawata a kai shi ne an yi su da tilas, ba a koyar da mutane ba tukuna, ba a jira raunana ba. Da ya fitar da tsarin sujada na Jamusanci a 1526, ya roƙi kada a mai da shi doka, amma ya ce yana da kyau ikilisiyoyin yanki ɗaya su riƙa bin tsari ɗaya saboda yara da waɗanda ba su yi karatu ba. Wannan ya shafe mu ƙwarai a Katsina. Dubi waɗanda ke zaune a bencinmu ranar Lahadi: ma'aikacin da aka yi wa canji daga Adamawa, soja da iyalinsa, ɗalibai, 'yan bautar ƙasa, da Bahaushiyar da ta taso daga ƙauyukan Malumfashi ko Kafur wadda ba ta iya karatu ba. Ita wannan uwar, furta zunubi da Shaidar Bangaskiya da Addu'ar Ubangiji da take maimaitawa kowane mako, su ne littafinta. Ta haddace su, da su za ta yi jinya, da su za ta mutu. In ka yanke su don a sami lokacin yabo, ita ka ƙwace wa, kuma ba za ta zo taron majalisa ta yi ƙorafi ba.

Na ga yadda abin yake lalacewa, kuma sannu a hankali yake zuwa. Yabo ya kai awa guda, zafin Afrilu ya sauka a kan kwano, janareta yana shan mai, sai mai jagorar sujada ya raɗa wa fasto cewa lokaci ya ƙure. Karatu uku ya koma ɗaya. A tsallake furta zunubi. Jibin Ubangiji a ɗaga shi zuwa wani wata. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar a rage Maganar Allah, amma ga shi an rage. Wannan kam ya fita daga abin da aka bar mana zaɓi a kai, domin Magana da Jibi su ne ainihin dalilin taruwar. A koyarwarmu, Allah ne yake fara ba mu: ya yi mana magana, ya gafarta, ya ciyar da mu. Waƙarmu amsa ce.

Sai batun ƙarar lasifika. In mutum biyar a gaba suna rera waƙa, sauran jama'a ba sa jin ko muryar kansu, to an koma kallo, an koma gidan jiya da Luther ya fitar da mu daga ciki, sai dai wannan karon da Turanci maimakon Latin. Rabin sababbin waƙoƙin da matasa ke kawowa, iyayenmu mata ba sa fahimtar ko kalma ɗaya. Me ya hana ku tsara naku da Hausa? Kuna da baiwar, na ji ku.

Ba da shaida kuwa, ba na ƙinsa, amma ka saurari abin da ake faɗa. In kullum mota ce da aiki da biza, kuma ana nuna cewa don na yi azumi ko na ba da baiko mai tsoka ne Allah ya biya ni, to an rushe koyarwar ceto ta wurin alheri a gaban bagadi, ana tafi. Gwauruwar da ta yi addu'a ɗanta bai warke ba, da me za ta koma gida? Kwana addu'a kuma ni ban ɗauke shi batun koyarwa ba. Ka san halin tsaro a jiharmu, ka san maƙwabtanmu Musulmi ne da muke zaman mutunci da su. Ku auna da hankali, ku ji shawarar dattawa a kai.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. 'Yan Lutheran na Amurka, musamman na reshen da ake kira Missouri Synod, sun shafe shekaru suna wannan jayayya tsakanin masu bin littafin sujada da masu kiɗan zamani, har yau ba ta mutu ba.

Ga yadda muka yi a wajenmu. Matasa suka karɓi yabo kafin buɗe sujada da lokacin baiko, da iyakar lokaci da kowa ya sani. Duk sabuwar waƙa a rubuta kalmominta a kai wa fasto ya duba kafin Lahadi. Shaida ta koma taron addu'a na tsakiyar mako. Masu kiɗa suka koyi buga tsofaffin waƙoƙin Littafin Waƙoƙi, suka ɗan ɗaga musu sauri, kuma wannan ne ya fi sanyaya zuciyar dattawa, don sun ga ba a zubar da nasu ba. Duk da haka wasu matasa sun tafi wasu majami'u, wani dattijo ma ya daɗe yana shigowa sai bayan an gama yabo. Abin ya yi mana ciwo, amma ikilisiya ba ta rabu ba.

In za ka je gaban majalisa, kada ka je da takardar buƙatu. Fara zuwa gidan dattijon da ya fi tsananta, ka gaishe shi, ka ce, Baba, me kake tsoron za a rasa? Ka rubuta abin da ya faɗa. Sannan ka tara matasanka ku buɗe 1 Korintiyawa 14 daga aya ta 26 zuwa ta 40, ku bi tsarin sujadarku ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi dalilin da ya sa aka sa kowane sashe. Wanda kuka kasa bayyanawa, ku tambayi fasto kafin ku ce a cire shi. Ka gaida mini matasan, in kun zauna da majalisar ka dawo ka gaya mana yadda aka ƙare.