Kada a Yanke Shan Diazepam Rana Ɗaya

Tambaya: Likita ya rubuta wa mahaifiyata diazepam saboda fargaba da farfaɗiya, yanzu ta samu sauƙi. Za ta iya dainawa? Daga mai karatu, wani ƙauye kusa da Ringim.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara mata lafiya. Kada ta daina kwatsam, domin idan jiki ya saba da maganin aka yanke shi rana ɗaya, farfaɗiyar tana iya dawowa da ƙarfi. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Maganin yana sa gyangyaɗi, saboda haka a nisanta ta da bakin rijiya da murhu. Abin da ya fi damuna shi ne haɗa shi da tramadol ko kodin, wanda ke danne numfashi har a rasa rai. Idan ya ƙare, a koma asibiti, kada a saya wurin masu talla ranar kasuwa.